Rusa Sinadaran Rini a Gurɓataccen Ruwa da Taitaniyam Dayoksaid da Haske: Tsakanin Ɗakin Gwaji da Marina

Tsakure

Wannan maƙala bita ce a kan yadda ake amfani da hodar taitaniyam dayoksaid (TiO₂) tare da haske wajen rusa sinadaran rini da ke gurɓata ruwa. Ta bayyana yadda haske ke tayar da ilaktaron a jikin hodar, da yadda hakan ke haifar da radikal masu farfasa rini, sannan ta duba abubuwan da ke ƙara wa aikin sauri da masu rage shi. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, gushewar launi ba ta isa shaidar tsarkakar ruwa ba, alhali da yawa daga gwaje-gwajen da ake wallafawa a kan launin suke tsayawa. Daga nan ta auna dacewar wannan hanya da ruwan da ke fitowa daga marinai da majemu a Kano, ta kuma kawo shawarwari ga masu bincike da hukumomi.

Muhimman kalmomi: taitaniyam dayoksaid, zugar haske, galura, gurɓataccen ruwa, hasken rana.

1.0 Gabatarwa

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, daga tsirrai da ƙwari da ƙasa ake samo rini. A 1856 William Henry Perkin ya haɗa rini na farko da ya shiga kasuwa daga sinadarin anilin a Ingila, kuma a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Wannan sauyi bai bar ƙasar Hausa a baya ba. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, da baba da toka da katsi marina ke aiki a karofi. A yau karofin Ƙofar Mata na nan, amma mafi yawan shaddar da ake rinawa a unguwannin Kano, kamar yadda ake yi a Bamako, da galura da soda da hodar haidiro ake rina ta, sannan a tuttular da ruwan a kwata.

Ba dukan galurar da aka zuba ce ke kama tufa ba. A rinin auduga da nau'in galura mai ƙulla haɗin sinadari da zare, wanda kamfanin ICI ya fito da shi a 1956, abin da ke bin ruwa kan kai rabin abin da aka zuba. Ƙasa da miligiram 1 a lita ya isa ya sauya launin ruwa. Launin kan tare hasken da tsirran ruwa ke buƙata, wannan kuma kan rage oksijin da kifi ke rayuwa da shi.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Fiye da rabin rinin da masana'antun duniya ke amfani da shi daga dangin azo ne, wato masu ɗauke da haɗin naitirojin biyu (–N=N–). Idan irin wannan rini ya kwanta a taɓon da babu iska, ƙwayoyin bakteriya kan tsinka haɗin, launi ya tafi, a bar sinadaran amin. Wasu daga cikinsu, kamar benzidin, an tabbatar suna jawo cutar daji. Dalilin da ya sa ke nan Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ta hana tufafi da fatun da aka rina da azo mai sakin ɗaya daga amin 22 da ta lissafa. Ashe tun kafin a kai ga maganar magani, ruwa na iya rasa launi alhali dafinsa ƙaruwa ya yi.

2.0 Gazawar Hanyoyin da Aka Saba

An ƙera galura ne don ta jure rana da sabulu da gumi, saboda haka ba ta rushewa da sauƙi a tafkunan tace ruwa da ke dogaro da bakteriya. Alam da sauran sinadaran dunƙula datti kan kwantar da rinin a ƙasa, gawayin da aka sarrafa kuma kan tsotse shi. Duka biyun ɗauke rinin suke yi daga ruwa su mayar da shi cikin laka ko cikin gawayi, sai a koma neman inda za a zubar. Kulorin na kashe launi, sai dai yakan haɗu da ɓarɓashin rinin ya haifar da wasu sinadarai masu guba. Ozon na aiki sosai, amma yana cin lantarki. Abin da ya ja hankalin masu bincike ga TiO₂ shi ne yiwuwar a rusa rinin kacokan, ya koma kabon dayoksaid da ruwa da gishirin ma'adinai, da makamashin da rana ke bayarwa kyauta.

3.0 Asalin Fasahar da Siffofin Hodar

A wannan maƙala, zugar haske na nufin hanzarta sauyin sinadarai ta hanyar wani daskararren abu da haske ke tayarwa, ba tare da shi abun ya ƙare ba. Tushen fannin aikin Akira Fujishima ne da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo, wanda mujallar Nature ta buga a 1972, inda suka nuna cewa TiO₂ da aka haska na iya raba ruwa. A 1976 Carey da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa hodar na cire kulorin daga sinadaran PCB, a 1977 kuma Frank da Bard a Amurka suka yi amfani da ita wajen rusa sayanaid a ruwa. Daga nan hankali ya karkata ga tsabtace muhalli.

TiO₂ na zuwa a siffofi uku: anatas da rutil da burukait. Anatas ya fi ƙarfin aiki a yawancin gwaje-gwaje, rutil kuma ya fi jure zafi. Idan aka gasa anatas ya wuce kimanin digiri 600 na ma'aunin Salshiyas, yakan rikiɗe ya zama rutil. Hodar da masu bincike suka mayar ma'aunin kwatance ita ce P25 ta kamfanin Degussa, wanda yanzu ake kira Evonik. Kusan kashi 80 cikin 100 nata anatas ne, ragowar rutil. Girman ƙwayarta kimanin nanomita 21, faɗin fuskarta kuma kusan murabba'in mita 50 a kowane giram.

Wajibi ne a rarrabe wannan hoda da farar hodar da ake sa wa fenti. Ita ta fenti galibi rutil ce da aka lulluɓe da alumina ko silika da gangan, don kada ta cinye fentin idan rana ta doke shi. Wanda ya saye ta da niyyar tace ruwa ya yi asarar kuɗinsa.

4.0 Yadda Aikin ke Gudana

A cikin ƙwayar TiO₂, ilaktaron na zaune a matakin makamashi na ƙasa, kuma akwai tazara tsakaninsa da matakin sama. Tazarar ta kai ilaktaron-bolt 3.2 a anatas da 3.0 a rutil. Hasken da zai iya tsallakar da ilaktaron a anatas sai wanda tsawon zangonsa bai wuce nanomita 387 ba, wato hasken UV wanda ido ba ya gani. Idan ilaktaron ya haye, yakan bar gurbi mai cajin tabbatacce a ƙasa:

TiO₂ + haske → e⁻ + h⁺

Gurbin kan ƙwace ilaktaron daga ruwan da ke manne da fuskar hodar, sai a sami radikal na haidiroksil:

h⁺ + H₂O → •OH + H⁺

Shi kuma ilaktaron da ya haye yakan faɗa wa oksijin da ke narke a ruwa:

e⁻ + O₂ → O₂•⁻

Ƙarfin haidiroksil wajen ƙwace ilaktaron ya kai bolt 2.8, alhali na ozon 2.07 ne, na kulorin kuma 1.36. Ba ya zaɓe. Duk sinadarin da ya tarar mai kabon zai far masa. Yakan fara da tsinka haɗin da ke ba rini launi, ya buɗe zobban kabon, ya bar ƙananan asid, daga ƙarshe su ma su koma kabon dayoksaid. Houas da abokan aikinsa, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Gabes ta Tunisiya da rukunin Jean-Marie Herrmann na Liyon a Faransa, sun bi diddigin rushewar rinin metilin bulu a 2001, suka ga sulfa ta koma sulfet, naitirojin kuma ya koma amoniyam da naitiret. A 2002 Lachheb da abokan aikinsa daga wannan rukuni suka nuna cewa naitirojin da ke haɗin azo yakan fice a matsayin iskar naitirojin, wadda ba ta da illa.

Babban raunin tsarin shi ne mafi yawan ilaktaron kan koma gurbinsu cikin 'yan nanodaƙiƙa, makamashin ya tafi a zafi. Shi ya sa oksijin ya zama dole: shi ke kama ilaktaron ya ba gurbi damar aiki. Ruwan da ba a kaɗa masa iska ba, da wuya rininsa ya rushe ko da hoda da haske sun wadata.

5.0 Abubuwan da ke Tasiri ga Sauri

Ana bayyana saurin rushewar da tsarin Langmuir da Hinshelwood. Idan rinin bai yi yawa ba, lissafin kan taƙaita zuwa ln(C₀/C) = kt, inda C₀ ke nufin yawan rini a farko, C yawansa bayan lokaci t, k kuma ma'aunin sauri. Abubuwa biyar ne suka fi juya wannan ma'auni.

Na farko, yawan hoda. Sauri na ƙaruwa da ƙarin hoda har zuwa wani mataki, daga nan ruwan ya yi fari fat, haske ya kasa ratsawa. A ɗakin gwaji akan yi amfani da giram 0.5 zuwa 2 a lita.

Na biyu, ma'aunin pH. Fuskar P25 ba ta da caji a wajen pH 6 zuwa 6.5. Ƙasa da haka cajinta tabbatacce ne, sai ta jawo rini mai korarren caji kamar metil oranj da yawancin galurar auduga. Sama da haka cajinta korarre ne, sai ta jawo irin su metilin bulu ta kori waɗancan. Babu pH ɗaya da ya dace da kowane rini.

Na uku, kaurin rinin kansa. Ruwa mai duhu kan shanye haske kafin ya isa ga hoda.

Na huɗu, ƙarfin haske. A ƙaramin haske, ninka shi na ninka sauri. A babban haske, sai an ruɓanya shi sau huɗu kafin sauri ya ninka, domin komawar ilaktaron gurbinsu na ƙaruwa. Saboda haka tara hasken rana da manyan madubai ba ya biyan kuɗinsa.

Na biyar, gishiri. Kuloraid da kabonet da sulfet da fosfet kan mamaye fuskar hoda ko su cinye radikal. A rinin auduga na masana'anta kuwa akan zuba gishiri da ya kai gomman giram a kowace lita.

6.0 Kuskuren Aunawa da Launi

Gwajin da aka fi yi sananne ne: a narka miligiram 10 zuwa 20 na metilin bulu a litar tataccen ruwa, a zuba hoda, a kunna fitila, a riƙa auna hasken da ruwan ke tsotsa a nanomita 664, sannan a ba da rahoton kashi nawa ya rushe. Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san kima. A wannan fage, ido da na'urar da ke auna launi duk suna iya yaudaruwa ta hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce mannewa. Hoda mai faɗin fuska kan ɗauke rini ta riƙe a jikinta, ruwa ya washe ba tare da an rusa komai ba. Maganin wannan shi ne a juya ruwan da hodar a duhu har mannewa ta tsaya, kafin a kunna haske.

Ta biyu ita ce ɓuyar launi. Kowane marini ya san tufa ba ta fitowa daga rijiyar baba da shuɗi. Koriya-koriya take fitowa, sai ta sha iska take yin shuni. Abin da ke faruwa shi ne shuni ya karɓi ilaktaron a cikin rijiya ya sauya siffa, oksijin kuma ya dawo da shi. Haka metilin bulu ke yi: idan oksijin ya yi ƙaranci, ilaktaron na TiO₂ kan mayar da shi siffa marar launi, da zarar iska ta shiga sai shuɗin ya dawo. Mai binciken da ya ɗauki awo kafin nan zai rubuta nasarar da ba ta auku ba.

Ta uku ita ce rushewar rabi. Metilin bulu na da ƙwayar kabon 16, kuma tsinka haɗi ɗaya ya isa ya ɗauke launi alhali kabon ɗin na nan cikin ruwa. A rinin rodamin B, cire rassan etil kaɗai kan matsar da ƙololuwar tsotson haske daga nanomita 554 zuwa 498. Awon da aka tsayar a 554 zai nuna rini ya tafi, gangar jikinsa kuwa ba a taɓa ta ba. Wasu daga sinadaran tsaka-tsakin sun fi uwar tasu guba.

Ta huɗu ta shafi hodar da ake cewa tana aiki da hasken da ido ke gani. Tun da Asahi da abokan aikinsa na cibiyar binciken Toyota suka wallafa aikinsu na cusa naitirojin cikin TiO₂ a mujallar Science a 2001, sannan Chen da Mao da abokan aikinsu suka fito da baƙin TiO₂ a 2011, an yi ta ƙera sababbin hodoji don cin moriyar hasken rana fiye da 'yar UV da ke cikinsa. Matsalar ita ce rini da kansa na tsotsar hasken da ido ke gani, ya tura ilaktaron cikin TiO₂, ya rushe ko da hodar ba ta tsotsi komai ba. A 2006 Yan da Ohtani da abokan aikinsu a Japan sun nuna cewa metilin bulu bai dace da gwada irin wannan hoda ba saboda wannan dalili. Gwajin gaskiya sai da sinadari marar launi, kamar finol.

Abin da zai tabbatar da rushewa shi ne awon jimillar kabon da ya rage a ruwa, wanda ake taƙaitawa TOC, ko awon oksijin da dattin ke buƙata, wato COD, tare da gwajin guba a kan ƙananan halittun ruwa ko tsirowar iri. Launi kan gushe cikin mintuna, kabon kuwa kan ɗauki sa'o'i.

7.0 Dacewa da Yanayin Kano

Dattin masana'antun Bompai kan bi Getsi ya shiga Jakara har madatsar Wasai, na Sharaɗa da Challawa kuma ya gangara kogin Challawa. A gefen waɗannan ruwaye ake noman rani na latas da kabeji da alayyafo da ake kai wa kasuwannin birni. Ban da masana'antu, akwai ƙananan marinai barkatai a cikin unguwanni. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masaƙu da majemu a 2009, amma ƙaramin marini ba shi da halin gina matatar zamani.

Abin da yankin ke da shi a wadace shi ne rana. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar na samun kimanin kilowat-awa 6 a kowane murabba'in mita a yini. Sai dai kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne kawai UV, wato abin da anatas zai mora bai kai sulusin kilowat-awa ba, kuma hazon hunturu na ƙara rage shi. Cibiyar binciken makamashin rana ta Almeriya a Sifaniya ta nuna cewa bututun gilashi da aka ɗora a kan lanƙwasasshen faifan alminiyam, ba tare da na'urar bin rana ba, na kama hasken da ya zo kai tsaye da wanda ya warwatsu. A irin wannan tsari kimanin miligiram 200 na hoda a lita kan wadatar. Ƙirar ba ta fi ƙarfin maƙeranmu ba, muddin aka sami gilashin da ke barin UV ya wuce.

Ruwan marina kuwa ya sha bamban da na ɗakin gwaji. Soda na kai shi pH 11 ko fiye, inda fuskar hoda ke korar yawancin galura. Haidiro sinadari ne mai shanye oksijin, ga shi oksijin ne ginshiƙin aikin. Ga duhu, ga sitaci, ga sabulu. Ruwan majema kuma na ɗauke da kuromiyam da sulfaid, kuma akwai fargabar radikal su mayar da kuromiyam mai caji 3 zuwa mai caji 6, wanda ya fi guba nesa ba kusa ba. Zuba TiO₂ kai tsaye a irin wannan ruwa ɓarnar hoda ce.

Tsarin da ya fi dacewa mai matakai ne. A fara kaɗa iska don kashe haidiro. Wannan kaɗai kan sa shuni da danginsa su dunƙule, tunda ba sa narkewa a ruwa idan sun sha iska. Sai a daidaita pH, a kwantar da datti da alam, a tace da yashi, a cire kuromiyam idan akwai. Ragowar rinin da ya ƙi fita, cikin ruwan da ya riga ya washe, shi ne rabon TiO₂.

Saura batun raba hoda da ruwa. Ƙwayar nanomita ba ta kwanciya da wuri, kuma bai kamata a sake ta cikin kogi ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar TiO₂ da ake shaƙa cikin rukunin 2B a 2006, Tarayyar Turai kuma ta hana sa shi a abinci daga 2022. Liƙa hodar a jikin gilashi ko tayil ko yumɓu na magance wannan, ko da yake sauri na raguwa saboda fuskar da ke taɓa ruwa ta ragu. Ta fuskar albarkatu, akwai ilmenait da rutil a ragowar haƙar kuza a Filato, amma mayar da su anatas mai tsabta aiki ne na masana'antar sinadarai mai buƙatar asid da zafi, don haka samuwar ma'adinin ba ta nufin samuwar hodar.

8.0 Shawarwari

1. Duk binciken da ya yi iƙirarin rusa rini ya kawo awon TOC ko COD da gwajin guba, tare da gwaji a duhu da gwajin haske ba hoda.
2. A riƙa kwatanta kowace sabuwar hoda da P25 a yanayi ɗaya, a kuma gwada ta da sinadari marar launi.
3. Masu duba kundayen digiri su nemi a yi aƙalla sashe ɗaya na gwaji da ruwan marina ko na majema na gaske, a ƙarƙashin rana, a bazara da damina da hunturu, tare da auna UV.
4. A bayyana sau nawa hodar ta sake aiki kafin ƙarfinta ya ragu, da kuɗin tace lita 1,000.
5. Hukumomin muhalli su taimaka wa ƙungiyoyin marina su tara ruwansu wuri ɗaya, domin matatar haɗin gwiwa ta fi sauƙin kulawa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kimiyyar da ke ƙarƙashin wannan fasaha tabbatacciya ce: TiO₂ da hasken UV da oksijin na iya rusa rini har ya koma kabon dayoksaid da gishirin ma'adinai. Ta kuma nuna cewa hakan na faruwa ne a ruwa mai ƙarancin datti, kuma launi na riga guba tafiya. Matsayin fasahar a marinanmu matakin ƙarshe ne bayan kaɗa iska da kwantarwa da tacewa, kuma ba za ta maye gurbin rage ɓarnar galura tun daga tukunya ba. Kira ga masu bincike a jami'o'inmu shi ne su fitar da gwajinsu daga kwalbar metilin bulu, su ɗebo ruwan kwatar marina, su auna kabon da gubar da suka rage kafin su ce ruwa ya tsarkaka.